Furen Tukunya Ma da Awo Ake Ciyar da Shi

  

Wannan makon za mu ɗan ajiye zancen zazzaɓi da katin rigakafi, mu leƙa tsakar gida. Wata 'yar'uwa daga nan Illela ta aiko da hoto da tambaya. Ƙanwar maigidanta ce ta kawo mata tsarabar fure daga Abuja a 'yar tukunyar roba. Ganyensa kamar zanen zuciya, da ratsin fari-fari, furannin kuma ja mai haske, sun ɗaga sama kamar fukafukan malam-buɗe-littafi. Bai yi sati uku ba ganyen ya fara zama rawaya. Maƙwabciyarta ta ce yunwa ce, ta ɗebo yuriya a buhun maigida ta zuba masa. Tambayarta ita ce, cokali nawa?

'Yar'uwa, ko rabin cokali kada ki zuba tukuna. Ke ma da kike da wata shukar daban a kasko ko a tsohuwar randa, zancen ya shafe ki, domin ƙa'idar ɗaya ce. Wata za ta ce me ya haɗa ma'aikaciyar jinya da fure? Abu biyu. Na farko, aikinmu kullum awo ne da lokaci, taki kuma haka yake so. Na biyu, takin nan a gidan da yara suke rarrafe ake ajiye shi.

Baƙo ne daga ƙasar sanyi

Furen da ke cikin hoton sunansa saikilamin. Asalinsa daga gabashin tekun Bahar Rum ne, wajajen Siriya da Labanan da Falasɗinu da kudancin Turkiyya. A can, damunarsu da sanyi take zuwa, bazararsu kuma busasshiya ce. Shi ya sa yake tsiro ya yi fure a lokacin sanyi, idan zafi ya shigo sai ya zubar da ganye ya kwanta barci. Abincinsa yana ajiye a wani curi da ke gindinsa kamar ƙaramar gwaza.

Yanayin da yake so bai wuce digiri 10 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas ba. Da zarar ɗaki ya haura digiri 20 ya zauna a haka, sai ya ɗauka bazara ta yi. Ki auna da garinmu. Ko a tsakiyar ɗari, da Disamba da Janairu, dare ne kawai ke yin sanyi, rana kan kai wajen digiri 30. A Afrilu da Mayu kuwa muna haura 40. Saboda haka rawayar ganyen nan ba yunwa ba ce, zafi ne ya ce masa lokacin barci ya yi. Duk uwa ta san ba kowane kukan jariri ne na yunwa ba. Wani na zafi ne, wani na barci. Idan kika ɗura wa mai jin barci abinci, amai zai biyo baya.

Idan kina so ya ƙara miki 'yan makonni, ki kai shi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, kusa da taga mai haske amma ba inda rana ke dukansa ba, kuma nesa da murhu. Kada ki zuba ruwa a kan curin, ruɓewa yake yi. Ki zuba ruwan a faranti, ki ɗora tukunyar na kamar minti 15 ta sha ta ƙasa, sannan ki zubar da ragowar. Furen da ya bushe ki murɗe shi daga tushe ki cire. Taki kuwa sai in yana fitar da sabon ganye da sabbin ƙullin fure, shi ma tsararo, sau ɗaya a sati biyu zuwa huɗu. Ranar da ganye ya fara rawaya gaba ɗaya, an rufe kicin.

Gaskiyar da zan gaya miki ita ce, da wuya ya tsallake bazarar Illela, sai dai a ɗaki mai na'urar sanyaya iska dare da rana. Idan ya tafi, ba sakacinki ba ne. Ki more shi kamar yadda ake more baƙon kwana kaɗan.

Namu na gida: kariya

Muna da shukar da ke yin irin wannan dabara, kuma ƙasarmu ce ƙasarta. Kariya ke nan, mai kumburarren gindi da furanni ja-ja masu farin ciki, wadda ke fitowa da kanta a dajin Sahel, daga Senegal har Sudan da ƙasar Larabawa. Turawa suna kiranta da sunan da ke nufin furen hamada. Masu sana'ar furanni a Tailan sun ɗauke ta sun yi ta haɗa iri, har suka fitar da masu launi kala-kala da masu fure ninki-ninki, suna sayar wa duniya. Wasu daga cikin hotunan da kike gani a Instagram kina sha'awa, jikokin wadda kakanninmu suka sani ne a bayan gari.

Kariya tana yin ganye da damina, ta tara ruwa da abinci a gindinta. Da rani sai ta kakkaɓe ganyen, kuma a lokacin ne ta fi yin fure, reshe tsirara amma kansa cike da ja. Ita da saikilamin kamar ma'aikatan asibiti biyu ne, ɗaya na aikin dare ɗaya na rana. Shi yana aiki da sanyi ya yi barci da zafi, ita tana aiki da ɗumi da ruwan sama ta huta da ɗari. Abin da ya haɗa su shi ne dukkansu suna da rumbu a gindi, kuma dukkansu yawan ruwa da yawan taki sun fi yunwa saurin kashe su.

Me ke cikin buhun?

Taki iri biyu aka fi samu a gidajenmu, musamman yanzu da masu albasa suka koma fadama wajen Kalmalo. Akwai kamfa, akwai yuriya.

A jikin buhun kamfa za ki ga haruffa uku, NPK, da lambobi uku, kamar 15-15-15 ko 20-10-10. Lambar farko ta naitirojin ce, mai sa ganye ya yi kore ya yi yawa. Ta biyu ta fosfaras ce, mai taimakon saiwa da ƙullin fure. Ta uku ta fotashiyam ce, mai ƙarfafa jikin shuka da ingancin fure. Lambobin kashi ne cikin ɗari. Idan kin sami zaɓi, 15-15-15 ta fi dacewa da fure, domin ba ta fifita ganye ba.

Yuriya kuwa naitirojin ce zalla, kashi 46 cikin 100. Masara da gero da shinkafa suna murna da ita. Amma idan kika ba furen tukunya, ko dai ta ƙone shi, ko ya yi ta zuba ganye mai laushi ya manta da fure. Irin wannan ganyen ne ƙananan ƙwari masu tsotsa suka fi so, kuma gindin kariya da ya yi taushi da yawan naitirojin shi ne ke saurin ruɓewa. Kamar yaron da aka cika da lemon kwalba da biskit ne, ga ƙiba ba ƙwari.

Darasin ruwan gishiri da sukari

Kin tuna abin da muke nanatawa idan yaro na gudawa: ki narka ƙunshin gishiri da sukari a daidai yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa, kada ki rage ruwan don ya yi ƙarfi. Dalili shi ne ruwa yana bin inda gishiri ya fi yawa. Idan haɗin ya yi kauri, maimakon ya shiga jikin yaro, sai ya jawo ruwan jikin zuwa hanji, gudawar ta ƙaru.

Takin zamani shi ma dangin gishiri ne. Saiwa tana shan ruwa ne saboda ruwan cikinta ya fi na ƙasa kauri. Idan kika zuba taki da yawa, ƙasar ta fi saiwar kauri, sai ruwa ya juya baya, ya fita daga saiwa ya koma ƙasa. Shi ya sa za ki ga shuka ta yi yaushi alhali ƙasar a jiƙe take, bakin ganyen ya ƙone kamar an kara shi a wuta. A gona, ruwan sama yana wanke abin da ya yi yawa, saiwa kuma tana da wurin gudu. A tukunya babu inda za ta je.

Awo da lokaci

Ga yadda za ki yi wa kariya, da sauran furannin kasko masu son rana.

Ki sami ƙaramin cokalin shayi da ba za a sake mayar da shi kicin ba. Rabin cokalin na kamfa 15-15-15, a shafe ba a tula ba, shi za ki narka a ruwa lita 5, wato ledar fiya-wata 10. Ƙwayoyin ba sa narkewa nan take, ki bar su su jiƙa ki motsa da tsinke. Ga saikilamin, ki ƙara ruwan ya ninka.

Kada ki taɓa zuba ruwan taki a busasshiyar ƙasa. Ki fara ba ta ruwa zalla da yamma, washegari da sassafe ki ba ta na takin, a gefen tukunya, ba a jikin gindi ko kan ganye ba. Mu ma akwai magungunan da ba ma bayarwa sai an ci abinci.

Sau ɗaya a wata ya wadatar, daga lokacin da kika ga sabon toho, wajen Mayu ko Yuni, har zuwa Oktoba. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen ɗari ki ɗauke hannu gaba ɗaya, ruwa ma ki rage sosai, sai ƙasa ta bushe ƙarau. Kada zubar ganyen ya tsorata ki. Ki matsa gindin da yatsa: in da tauri, lafiyarta lau, abincin da kika ba ta da damina shi za ta fitar miki a fure. In ya yi laushi kamar ruɓaɓɓen tumatir, ruwa ya yi yawa.

Shuka iri uku ba a ba su taki ko da lokacinsa ne: wadda aka saya ko aka sauya wa tukunya bai kai wata ɗaya ba, wadda ta yi yaushi don ƙishirwa, da wadda ƙwari ko ruɓa suka kama. A fara magance ciwon tukuna.

Idan kika ga farin abu kamar kanwa ya taru a saman ƙasa ko a bakin kaskon, gishirin taki ne da na ruwan rijiya. Ki kankare shi, ki fitar da tukunyar waje ki yi ta zuba ruwa zalla har ya riƙa fita ta ƙasa sosai. Wannan shi ne kuma taimakon gaggawa idan hannu ya zarce da taki. Amma ba zai yiwu ba sai tukunyar tana da huda a gindi. Tsohuwar randa da ta tsage ta fi sabon bokitin fenti marar huda. Ƙasar kuma ta zama mai saurin tsanewa: kashi biyu yashi mai tsakuwa, kashi ɗaya ƙasar lambu, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki, da ɗan gutsattsarin gawayi.

Takin gida da abin da ake yaɗawa a waya

Ba dole sai kin sayi kamfa ba. A garin da kasuwar dabbobi ke ci duk Lahadi, taki ba ya wuya. Kashin awaki da na tumaki yana da kyau ƙwarai, da sharaɗin ya ruɓe. Ki tara shi a rami ko a tsohon buhu, ki riƙa yayyafa ruwa, ya yi aƙalla wata uku har ya koma baƙi, ya daina wari, ya riƙa marmashewa a hannu. Cikin tafin hannu ɗaya a saman tukunya, sau biyu a damina, ya isa. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, busasshen da bai ruɓe ba kuma gara yake kirawowa.

Tokar murhu tana da fotashiyam, amma kin san daga toka ake tace ruwan da ke aikin kanwa a miya. Kaifi gare ta. Ɗan abin da yatsu uku suka ɗauka, sau ɗaya ko biyu a shekara, ya wadatar.

Sauran abubuwan da ake nunawa a TikTok da Facebook, ki yi hattara. Ruwan sukari da madara ba abincin shuka ba ne, tururuwa da ƙuda da fumfuna kawai suke tarawa. Ɓawon ƙwai yana daɗewa ƙwarai kafin ya narke. Ɓawon ayaba ki jefa shi ramin taki ya ruɓe tare da sauran. Ruwan wanke-wanke mai sabulu da gishiri da mai kuwa, a hankali yake kashe ƙasar tukunya.

Inda hankalina ya fi tashi

Zuma da zaƙi, da harbi. Ruwan da ke fita daga jikin kariya idan an karya reshe guba ne. Mafarauta a sassa da dama na Afirka sun daɗe suna shafa shi a kan kibiya. Sinadarin da ke cikinsa dangin maganin zuciya ne da muke kira digoksin, wanda a asibiti ma da taka-tsantsan ake auna shi. Yaron da ya tauna reshe ko ganye zai iya yin amai da gudawa, a mai tsanani kuma bugun zuciyarsa ya ragu ko ya rikice. Curin saikilamin shi ma yana sa amai da gudawa idan an ci.

Ban ce ki tumɓuke ta ba. Ki ɗora tukunyar inda hannun mai rarrafe da mai tatata ba ya kaiwa, ki share furannin da suka zubo, ki gaya wa manyan yaran cewa wannan ba a wasan girki da ita. In za ki yanke reshe, ki sa safar hannu ko leda, ki wanke wuƙar da hannunki da sabulu kafin ki taɓa ido, ko abinci, ko ki ba da nono.

Sai takin kansa. Yuriya fara ce, ƙwayoyinta ƙanana, a idon ɗan shekara biyu ba ta da maraba da sukari. Ruwan kamfa a gorar lemo kuma ba shi da maraba da abin sha. Yawancin yaran da ake kawo mana sun sha kananzir ko maganin ƙwari, daga gorar lemo ko ta ruwa suka sha, wadda wani babba ya ajiye da niyyar “yanzu zan ɗauke”. Saboda haka ki haɗa daidai wanda za ki yi amfani da shi a ranar, ragowar ki zuba wa zogale ko dalbejiya. Kada ki haɗa a jarkar ruwan sha ko a kwanon kicin. Garin takin ya zauna a rufe, a sama, da rubutu a jikinsa. Maganin feshi irin su fiya-fiya ya fi taki haɗari nesa ba kusa ba, kuma bai da wurin zama a ɗakin da ake kwana ko ake girki.

Ki tuna da dabbobinki ma. Akuya ko tunkiya da ta sha ruwan da yuriya ta narke a ciki tana iya mutuwa cikin ɗan lokaci kaɗan. Kada bokitin ya kwana a tsakar gida.

Abu biyu kuma ƙanana. Ƙwayar cutar sandarewar jiki, wato tetanus, tana zama a ƙasa da kashin dabbobi, don haka kada ki cuɗa taki da hannu mai rauni, mai juna biyu kuma ta tabbata ta karɓi allurarta a wurin awo. Farantin da ke ƙarƙashin tukunya kuma kada ruwa ya kwana a ciki. Sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengi a irin wannan ɗan ruwa mai tsabta yake ƙyanƙyasa, kuma a ƙarshen shekarar 2023 hukumar NCDC ta tabbatar da ɓullar cutar a Jihar Sakkwato.

Idan tsautsayi ya faru

Ki cire abin da ya rage a bakin yaron, ki wanke bakin da ruwa. Kada ki sa masa yatsa don ya yi amai. Kada ki ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri. Manja ba ya kashe guba, kuma idan yaro ya shaƙe shi ya shiga huhu, an ƙara ciwo a kan ciwo. Idan ruwan kariya ko taki ya shiga ido, ki yi ta zuba ruwa mai tsabta na minti 15.

Daga nan sai asibiti, ko da yaron yana wasansa, domin gubar da ke taɓa zuciya ba lallai ta nuna kanta nan take ba. Ki tafi da reshen ko gorar ko ledar takin, ki kuma riƙe lokacin da abin ya faru. Waɗannan biyun suna rage mana lalube. Idan akwai amai ba tsayawa, ko yawan barci, ko leɓe ya sauya launi, ko numfashi ya canza, kada a jira maigida ya dawo daga kasuwa ko daga Ƙonni. A nemi mai babur a tafi, a kira shi a hanya. Idan abin ya fi ƙarfin babban asibitin gari, za a tura ku Sakkwato, tafiyar kuma ta fi kilomita 80, kin ga kowane minti yana da daraja.

Na san wata za ta ce, da wannan dogon sharaɗi ai gara a haƙura da furen. A'a. Macen da ta wuni tsakanin murhu da wanki da kukan yara tana da haƙƙin ta ɗaga ido ta ga abu mai kyau da ta raina da hannunta. Yaran da suka tashi suna ganin ana auna rabin cokali, ana jiran wata guda, ana wanke hannu bayan an gama, suna koyon abin da ba a rubuta a allo ba. Abin da ake nema kawai shi ne ki san shukarki, ki san lokacin cinta da lokacin barcinta, ki kuma sa taki inda kike sa magani.

Ku aiko da hotunan tukwanenku a wurin sharhi, ku faɗi garin da kuke da irin ruwan da kuke ba su, na rijiya ne ko na famfo. Masu kariyar da ta shekara ba ta yi fure ba, ku gaya mini awa nawa take samun rana a wuni, domin sau da yawa inuwa ce matsalar ba taki ba. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan tarin yara da fashewar leɓe da ƙafa a lokacin ɗari.

Allah ya raya mana zuri'a, ya tsare mana su. Sai mun haɗu.